Bashin Barci Da Muke Ci A Kofin Gahawa

Azumin shekarar 2023 ya kama ne kwana biyar kacal bayan zaɓen gwamnoni. Ni da abokan aikina mun shafe kusan wata biyu muna aiki dare da rana, daga gangamin 'yan takara zuwa cibiyoyin tattara sakamako, kuma abin da ya riƙe ni a tsaye duk tsawon lokacin shi ne gahawa: kofi biyar, wata rana shida, ban da shayin safe. Ranar ɗaya ga watan Ramadan, tun kafin azahar kaina ya fara sarawa kamar ana buga guduma a bayan idanuna. Da la'asar ko fuskar kwamfuta ba na iya kallo. Na ɗora laifin a kan ƙishirwa da zafin watan Maris, kamar yadda kowa ke yi. Da aka sha ruwa na kwankwaɗi ruwan sanyi har kofi uku, ciwon bai motsa ba. Da na haɗa gahawa na sha, cikin rabin awa ya ɓace kamar ba a yi ba. A daren ne na amince da abin da na daɗe ina musantawa, wato jikina ya kai matsayin da ba ya iya yini guda ba tare da wani sinadari ba, ni kuwa ina ta kiran abin ƙwazo.

Ba ni kaɗai ba ne. Duk wanda ke shiga ofisoshin Abuja da Kano da Kaduna, ko ɗakunan taron ƙara wa juna sani a manyan otal-otal, ya ga yadda gahawa ta zama tambarin mutumin da ake ji da shi. Ma'aikacin banki da likitan da ya kwana a bakin aiki da malamin jami'ar da ke duba takardun jarrabawa, duk za ka ji suna faɗin cewa barcin awa huɗu suka yi jiya, kuma cikin alfahari suke faɗa, kofi na hayaƙi a hannunsu. Idan ka ce musu abin ya yi yawa, sai wani ya zaro waya ya nuna maka labarin wani bincike da ya ce gahawa tana ƙara tsawon rai. Da wannan ɗabi'ar nake jayayya. Gahawa abin sha ce mai daɗi, kuma ga mafi yawan manya masu lafiya ba ta da illa idan an tsaya kan ƙima. Amma yadda da yawa daga cikinmu ke shanta yanzu, mun mai da ita hanyar ɓoye wa kanmu gajiyar da ya kamata ta tsoratar da mu, kuma ɓarnar hakan ba ta bayyana sai bayan shekaru.

Abin da kafeyin ke yi a ƙwaƙwalwa

Sinadarin da ke aiki a cikin gahawa shi ne kafeyin, wanda wani masanin haɗa sinadarai ɗan Jamus, Friedlieb Runge, ya fara tacewa daga 'ya'yan gahawa a wajen shekarar 1819. Mutane kan ce yana ba da ƙarfi, amma babu wani abinci a cikinsa da jiki zai ƙona. Aikinsa daban ne. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa. Yawan taruwarsa shi ne abin da muke ji a matsayin gajiya da jin barci, kuma barci ne ke share shi. Kafeyin yana kama da adenosin a siffa, don haka sai ya je ya zauna a gurabun da adenosin ya saba zama, ya toshe su. Gajiyar tana nan daram, saƙonta ne kawai aka hana isa. Kamar mutum ne ya ga fitilar ƙarancin mai ta kunnu a motarsa, sai ya manna mata takarda ya ci gaba da tafiya.

Jiki kuma ba ya kawar da kafeyin da sauri. A matsakaici, yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin hanta ta rage rabin abin da aka sha. Wanda ya sha miligiram 200 da ƙarfe huɗu na yamma, wato kamar kofi biyu, akwai kimanin 100 a jininsa da ƙarfe tara na dare, da kuma kimanin 50 da ƙarfe biyun dare. A 2013 wasu masu bincike a birnin Ditiroit na Amurka suka ba mutane miligiram 400 awa shida kafin lokacin kwanciyarsu, suka auna barcinsu da na'ura. Barcin ya ragu da fiye da awa guda, kuma abin lura shi ne su kansu mutanen ba su ankara da girman raguwar ba. Wannan ya isa amsa ga mai cewa shi ko ya sha gahawa bayan isha'i barcinsa yake yi. Rufe ido daban, barci mai nauyi da ke gyara jiki daban.

A ƙasarmu lissafin ya fi tsanani. Bature na iya kwanciya sha biyun dare ya tashi ƙarfe bakwai. Mu kuwa kiran sallar asuba ba ya jiran kowa, daga nan sai shirin yara zuwa makaranta da cunkoson hanya. Masana barci suna ba manya shawarar awa bakwai ko fiye a kowane dare. Wanda zai tashi ƙarfe biyar, ƙarfe goma ya kamata a ce ya yi nisa. Kofin la'asar shi ke tura wannan lokaci zuwa sha biyu, gajiyar safe ta sa a ƙara cokali, ƙarin cokalin ya sake cin barcin dare. Haka abin ke zagayawa shekara da shekaru.

Mai kare kansa zai ce ai ya saba. A 2003 masu bincike a Jami'ar Fensilbeniya suka taƙaita barcin wasu mutane zuwa awa shida a kowane dare har mako biyu. Da aka gwada kaifin hankalinsu a ƙarshe, ya yi ƙasa har ya kai na mutumin da ya kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba, alhali su da bakinsu suna cewa 'yar gajiya kaɗan suke ji. Cibiyar binciken lafiya ta sojojin Amurka ta Walter Reed ta gwada ko kafeyin zai iya cike wannan giɓi ga masu barcin awa biyar. Ya taimaka a kwana biyun farko, daga kwana na uku kuwa masu shansa ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar banza taɓuka komai ba. Likitan da ke rubuta magani da akantan da ke rufe lissafin wata, duk suna iya jin idonsu a buɗe yake alhali hankalin ya riga ya dushe. Taƙaitaccen barci na shekaru kuma an daɗe da danganta shi da hawan jini da ciwon sukari da ƙiba. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan bashin da jijiyoyin jini ake biyansa.

Hujjar masu kare ta

Adalci ne a faɗi abin da ke hannun ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. A 1991 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya gahawa cikin abubuwan da ake zargin suna iya haddasa ciwon daji, amma a 2016 ta cire ta daga wannan rukuni bayan ta sake duba bincike da yawa. A 2017 mujallar likitanci ta Birtaniya, BMJ, ta wallafa wani nazari da ya tattara sakamakon bincike masu tarin yawa, inda aka ga masu shan kofi uku zuwa huɗu a rana sun fi waɗanda ba sa sha ƙarancin kamuwa da cututtukan zuciya da na hanta da ciwon sukari. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba na musun ko ɗaya.

Matsalar ita ce yadda muke karanta shi. Da farko, akasarin waɗannan bincike bin mutane kawai suke yi suna lura, ba gwaji ba ne da ke tabbatar da sababi. Wanda likita ya hana shi gahawa saboda zuciyarsa ta fara ciwo yakan faɗa cikin sahun marasa sha, sai sahun ya fito kamar ya fi rashin lafiya. Na biyu, yawancinsu an yi su ne a Turai da Amurka da Japan. Na uku, wanda shi ne ake tsallakewa, fa'idar tana da iyaka. Nazarin BMJ ɗin kansa ya ware masu juna biyu a matsayin waɗanda illar ta fi amfanin yawa a gare su. Wani bincike na Jami'ar Kudancin Ostireliya da aka wallafa a 2019, wanda ya duba bayanan mutum fiye da 340,000 a Birtaniya, ya gano cewa masu shan fiye da kofi shida a rana haɗarin cutar zuciya ya ƙaru musu da kashi 22 cikin 100 idan aka kwatanta da masu shan ɗaya ko biyu. Wani gwaji kuma da aka wallafa a Amurka a 2023, inda aka ɗaura wa mutum 100 na'urori ana sa su sha wasu kwanaki su bari wasu, ya nuna cewa a ranakun sha sun fi yin tafiya da kimanin taku dubu, amma barcinsu ya ragu da minti 36. 

Lissafin da ba ma yi

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 na kafeyin a rana ba abin damuwa ba ne ga baligi mai lafiya, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma adadin da take ambata ke nan. A lura da kyau, kafeyin aka ce, daga duk inda ya fito. A nan ne Bahaushe ke yaudarar kansa, domin mu ba baƙin wannan sinadari ba ne. Tun ƙarnuka kafin gwangwanin gahawa ya shigo kantunanmu, fatake ke ɗauko goro daga Gwanja zuwa Kano, kuma goro na ɗauke da kafeyin da ya kai kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa, wato ba ya ƙasa da 'ya'yan gahawar kansu. Ga shayi a kowace kusurwa, ga ataya da ake dafawa zagaye uku a majalisa. Gahawa ba ta zo ta maye gurbin waɗannan ba, a kansu ta hau.

Mu ɗauki yinin ma'aikaci guda mu ƙirga. Da safe cokali biyu cike na garin gahawa, kimanin miligiram 120. Garin nan kuwa yawanci daga nau'in robusta ake yinsa, wanda kafeyin ɗinsa ya kusan ninka na arabika. Da hantsi kofin shayi, kimanin 45. A ɗakin taro kofin gahawa, kimanin 95, bayan abincin rana a ƙara wani, 95. Kwalbar lemo mai kola, kimanin 35. Da yamma gajiya ta taso, gwangwanin lemon ƙara kuzari, wanda ƙaraminsa na mililita 250 kan ɗauki 80. Da dare kai ya fara ciwo, a haɗiyi ƙwaya biyu na irin farasitamol ɗin nan da aka ƙara wa kafeyin, kowace 65. Jimilla 600, ba a sa goro ko ataya a ciki ba. Idan ka tambayi mutumin, zai rantse maka kofi uku kacal yake sha.

Sannan abin da ke cikin kofinmu ba shi ne abin da aka yi bincike a kansa ba. Duba bayan 'yar ledar nan mai haɗin uku a ɗaya, sau da yawa za ka tarar sukari ne na farko a jerin kayan haɗin. Wanda ya haɗa da kansa kuma sai ya zuba madarar gwangwani mai zaƙi ya bi da ƙwayar sukari uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, kuma 25 ya fi. Mai shan irin wannan haɗi sau huɗu yana iya cinye kasonsa kafin ya taɓa abinci. Abin mamaki ne a kafa hujja da binciken da ya ce gahawa na rage ciwon sukari don a kare kofin da sukari ya yi wa katutu. Su kuma masu sha'awar gahawar da ake tafasawa ba a tacewa, irin ta Turkiyya ko ta jabanar Sudan, su sani cewa tun 1983 binciken garin Tromso na ƙasar Norwe ya nuna alaƙar gahawa da hauhawar kitsen jini, daga baya aka gano wani mai ne a cikinta, wanda takardar tacewa ke riƙewa amma tafasasshiya ke barinsa ya wuce. Hukumar da ta wanke gahawa a 2016 kuma, a zama guda ta yi gargaɗin cewa duk abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 yana iya jawo ciwon dajin maƙoshi. Mu kuwa in bai ƙona harshe ba, cewa muke ya huce.

Waɗanda ƙimar ba tasu ba ce

Adadin 400 na mai lafiya ne. Tambayar ita ce, nawa ne cikinmu suka san lafiyarsu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin manya masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Kafeyin yana ɗaga bugun jini na ɗan lokaci, abin da lafiyayyen jiki ke iya jurewa. Amma wani dogon bincike na Japan da aka wallafa a 2022 ya gano cewa masu hawan jini mai tsanani, wato 160 bisa 100 zuwa sama, da ke shan kofi biyu ko fiye a rana, haɗarin mutuwarsu ta dalilin cutar zuciya da jijiyoyin jini ya ninka na marasa sha. Mutumin da ya kai shekara arba'in da biyar, yana zaune a kujera yini guda, rabonsa da awon jini tun ranar ɗaukarsa aiki, bai da hurumin kafa hujja da ƙimar masu lafiya.

Jikin mutane ma ba ɗaya ba ne. Akwai waɗanda hantarsu ke sarrafa kafeyin a hankali saboda gado. Binciken da aka yi a ƙasar Kosta Rika, aka wallafa a 2006, ya nuna cewa a cikin irin waɗannan ne yawan shan gahawa ya fi tafiya tare da bugun zuciya. Ba wanda ya san sahunsa ta hanyar duba madubi. Abokinka da ke shan biyar yana minshari ba ma'auninka ba ne.

Ga mata kuma akwai ƙarin magana biyu. Mai juna biyu jikinta na jinkirin fitar da kafeyin ƙwarai, har ya kan ninka lokacin da ya saba sau biyu ko uku a watannin ƙarshe, kuma sinadarin na ratsa mahaifa ya isa ga ɗan tayin da hantarsa ba ta iya sarrafa shi ba. Shi ya sa hukumar Turai da ƙungiyar likitocin mata ta Amurka suka tsayar mata da 200 a rana, saboda alaƙar da aka gani tsakanin yawan sha da ɓari da haihuwar jariri marar nauyi. Ta biyu ita ce ƙarancin jini. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna fama da shi. An kuma sani tun daga wani gwaji na 1983 cewa kofin gahawa da aka sha tare da abinci yana rage sinadarin ƙarfen da jiki ke tsotsa daga abincin da kashi 39 cikin 100, shayi kuma da kashi 64. Ma'aikaciyar da ke jin kasala saboda jininta ya yi ƙasa, ta riƙa korar abinci da gahawa don ta wartsake, tana ƙara wa cutar ƙarfi ne da abin da ta ɗauka magani.

Inda laifin yake

A shekarar 1511 wani jami'in sarautar Mamluk a Makka, Khair Beg, ya haramta shan gahawa, dokar ba ta yi ƙarko ba. Ba irin wannan nake nema ba. Sufayen Yaman da suka yaɗa gahawa a ƙarni na 15 suna shanta ne don su raya wasu darare da ibada. Mu kuwa mun ɗauki abin da aka tanada don dare na musamman mun mai da shi jigon kowane yini. Tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke dogaro da shi wajen tantance cututtuka ya amince da ciwon barin kafeyin a matsayin larura: ciwon kai da kasala da saurin fushi, waɗanda kan fara awa 12 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe, su kai kwana biyu zuwa tara. Abin da ya same ni ranar ɗaya ga azumi ke nan, kuma na tabbata masu karanta wannan da yawa sun san shi ko da ba su san sunansa ba.

Laifin bai tsaya kan mai sha ba. Shugaban da ke tura saƙon aiki ta WhatsApp ƙarfe sha ɗayan dare yana jiran amsa, ya kuma kira taro ƙarfe takwas na safe, shi ne babban dillalin gahawar ofishinsa. Asibitin da ke barin likita ɗaya ya yi aikin mutum uku, da gidan jaridar da ke yaba wa wanda ya kwana a tebur, sun gano cewa injin dafa gahawa ya fi ɗaukar sabon ma'aikaci araha. Mu kuma da muke karɓar wannan ciniki har muna taƙama da shi, mun taimaka musu.

Abin da ke hannun mutum ɗaya ba shi da wuya. Ka ɗauki mako guda kana rubuta duk abin da ka sha mai kafeyin, har goro da ƙwayar ciwon kai, ka haɗa jimilla. Ka sa azahar ta zama iyakar kofin ƙarshe. Ka bar tazarar awa guda ko fiye tsakanin abinci da gahawa ko shayi. Ka je a auna jininka kafin ka yanke wa kanka hukuncin cewa kana cikin masu lafiya. In za ka rage, ka rage a hankali cikin mako biyu ko uku, kuma mai azumi ya fara tun Sha'aban. Wanda ke jin faɗuwar gaba ko bugun ƙirji marar tsari ko rawar hannu, likita zai gani, kada ya tsaya karanta labaran intanet.

Ni yanzu kofi ɗaya nake sha, da safe, ba sukari, kuma na fi jin daɗinsa fiye da lokacin da nake shan shida. Makon farko na ragewa ya yi mini wuya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mako na biyu, lokacin da na fara barcin awa bakwai na gane cewa na shafe shekaru ban san yadda lafiyayyen mutum ke ji da safe ba. Idan ba ka iya kaiwa azahar sai da kofi na uku, jikinka yana gaya maka wani abu game da barcinka ko jininka ko aikinka, kuma gara ka saurare shi yanzu da ka ji shi daga bakin likita.